Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Ɗora wa Laifin Wani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya kusa rinjayarsa, ni Abdulmutalib Mu'az, magatakardan Ƙungiyar Garma da Sanda ta manoma da makiyayan Karaye da Rogo, nake sanar da 'yan ƙungiya, da dagatai da masu unguwanni, da duk wanda ya taɓa bin layi a ƙofar ofishinmu, rasuwar kwamfutarmu wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a makon ƙarshe na watan Afrilu, a kan teburin da ta shekara goma sha ɗaya tana aiki, bayan jinyar wata biyu ta cutar da ba ta ɗauke da ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ba ta da rai, ba sai malamai sun tunatar da ni ba. Amma an koya mana faɗin wannan kalma ko da igiyar takalmi ce ta tsinke, balle abin da gidaje dubu biyu da ɗari uku suka dogara da shi.

Al'adar irin wannan takarda ita ce a ce mamaci ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, a rufe magana. Ni ba zan rufe ba. Gwaggo lafiyarta ƙalau. Kashe ta aka yi, a ofishina, kuma da sa hannuna.

Ta zo mana a shekarar 2013, a bayan a-kori-kura, ƙunshe cikin tsohon bargo. Ba sabuwa ba ce ko a lokacin, ta riga ta yi wa wani ofishi a birnin Kano bauta kafin a sallamo ta. Jikinta fari ne da can, amma zama ya mayar da shi ruwan haƙorin mai cin goro. Sunan kuwa wata tsohuwa ce daga garin Turawa ta raɗa mata. Ta zo rajista, ta zauna tana kallon yadda na'urar ke ɗaukar lokaci kafin ta farka, sai ta ce wannan ai gwaggonta ce sak, ba ta tashi daga tabarma sai ta yi nishi. Daga ranar ba wanda ya sake ce mata kwamfuta.

Duk wanda ya san ta zai tuna muryarta. In ka danna mata maɓalli sai ta ce "ƙit", sau ɗaya tak, kamar mai amsa sallama ba tare da ta ɗago kai ba. Sannan fankarta ta ɗauka, "huuu", a hankali. In ka tambaye ta suna mai wuyar samu, sai ka ji cikinta yana "ƙur, ƙur, ƙur", kamar mai laluben ƙasan tukunya. Ba ta taɓa dawowa hannu biyu ba.

Ba ta da sauri, wannan ba zan yi mata ƙarya a kai ba. Amma ba ta da mantuwa, kuma ba ta da son kai. A mazaɓarmu ta Yola kaɗai muna da Abdulmumini har bakwai, uku daga cikinsu sunan mahaifinsu ɗaya, ba ta taɓa ba wannan irin shukar wancan ba. Ta san wanda gonarsa ke jigawa da wanda tasa ke fadama. Ta san gidan da maigida ya rasu uwar 'ya'ya ta karɓi garma. Ta yi aiki da wutar Nepa a ranakun da aka ga dama aka kawo, ta yi da janareta, daga baya da muka sami sola ta yi da ita, ba ta taɓa zaɓe ba. Sharaɗinta ɗaya ne a duniya: kada a haɗa ta da janareta kai tsaye sai ta bayan sitabilaiza, wato akwatin nan da ke daidaita ƙarfin wuta. Na rubuta wannan da jan biro na manna a bango sama da kanta.

Abin da ya fi kome muhimmanci a aikinta shi ne yadda ta raba mutanenmu. Rukuni uku ne. Akwai manomi. Akwai makiyayi. Sannan akwai na uku, mutumin da ke yin duka biyun, da safe yana gona da yamma yana cikin garke. A Zoza da kewayenta irin waɗannan gidaje sun fi yawa, Fulani ne da kakanninsu suka zauna tuntuni, suna noma dawa da gyaɗa, shanunsu na bayan gida. Gida ɗari huɗu da goma sha biyu ne a rajistarmu. Saboda su ma aka sa wa ƙungiyar suna Garma da Sanda. Gwaggo ta san cewa irin wannan mutum yana buƙatar irin gyaɗa, yana kuma buƙatar allurar shanu, kuma shekara goma sha ɗaya tana sa sunansa a jeri biyun ba tare da gardama ba.

Jinyar ta fara ne a watan Fabrairu. Hukumar agajin da ke ba mu ingantaccen irin gyaɗa da rigakafin ciwon huhu na shanu ta aiko takarda cewa daga bana ba ta karɓar jerin suna a takarda ko a filashi. Sai ta wata babbar manhaja ta kamfani, irin wadda manyan ma'aikatu ke amfani da ita, wadda za ta kwashi sunaye daga ofishinmu ta zuba su a babbar na'urar kamfanin ta intanet. An ba mu wa'adi zuwa tsakiyar Afrilu, don a raba iri kafin ruwan shuka. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Ba don mutunci ba, sai don kada takardar rasuwar Gwaggo ta zama talla gare su.

Suka turo mana injiniyansu, Kabir, daga birni. Mutum ne mai fara'a, mai tsabtar takalmi, wayoyinsa biyu. Ya sa manhajar a cikin Gwaggo, ta karɓa da nishinta na kullum. Muka danna aikawa. Sunaye suka fara tafiya, ɗaya, biyu, goma, talatin. A na talatin da takwas ta tsaya. Wani jan akwati ya fito a allo da rubutun Turanci layi biyu. Turancina na sakandare ne, amma ya isa in gane abin da yake cewa: wannan rukuni ba a haɗa shi da ko wace ma'ajiya ba. Har sunan rukunin ta rubuta a ƙasa.

Na duba sunan da aka tsaya a kansa. Sulle Jibo ne, na Zoza, dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu, ɗaya daga cikin mutum tara da suka kafa ƙungiyar. Na tsallake shi muka ci gaba. Ta sake tsayawa a kan wani, shi ma na Zoza. Na tsallake. Ta sake tsayawa. Kafin azahar na cika shafi guda da sunayen da ta ƙi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba mai garma da sanda ba. Manomi zalla ya wuce. Makiyayi zalla ya wuce. Mai yin biyun ne kawai ke cin karo da bango.

Na kai wa Kabir takardar. Na ce, "Injiniya, ka duba nan. Kamar manhajar taku rukuni biyu kawai ta sani, mu kuwa uku gare mu."

Bai karɓi takardar ba. Ya dubi Gwaggo daga sama har ƙasa, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, manhajar nan bankuna ke aiki da ita. Ba ta kuskure. Wannan tsohuwar taku ce ta gaza."

Na ce, "To me ya sa take gazawa a kan mutanen Zoza kaɗai?"

Ya ce, "Haka tsofaffin na'urori suke. Ba ka san inda za su cije ba."

Da na sani ƙeya ce. A ranar ya kamata in tsaya a kan maganata. Amma shi injiniya ne da takardar shaida a wuya, ni kuwa magatakarda ne da na koyi kwamfuta a shagon buga takardu. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Ɗanmaliki, mutumin kirki ne amma yana jin nauyin baƙo fiye da kima, ya ce mini, "Abdulmutalib, ka bar masu sani su yi aikinsu." Na bar su.

Daga nan aka bar jaki aka hau dukan taiki. A mako na farko Kabir ya goge duk abin da ke cikin Gwaggo ya sake zubawa. Allah ya sa duk ranar Alhamis nakan kwafe kayan cikinta a filashi in kai gida, ba don haka ba da tarihin shekara goma sha ɗaya ya tafi a yini ɗaya. Aka mayar da sunaye, aka danna aikawa, ta tsaya a kan Sulle Jibo. A mako na biyu ya kwance bayanta, ya zare mata wani abu ya sa wani, ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan. Ta farka tana rawar murya, ta yi aikinta, ta tsaya a kan Sulle Jibo. A mako na uku ya ce intanet ɗinmu ne, ya sa muka ɗauke ta a kan babur, ni na rungume ta a baya kamar mara lafiya, muka kai ta wani shago a bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi. A can ma, a gaban 'yan kallo, ta tsaya a kan Sulle Jibo.

Kullum jan akwatin nan yana fitowa, kullum da magana ɗaya. Na ga Kabir da idona yana rufe shi tun kafin ya gama bayyana, kamar mai korar ƙuda. Sau nawa Gwaggo ta faɗa masa ciwon da sunansa, ban iya ƙirgawa ba. Ba a taɓa yin mara lafiyar da ta bayyana wa likita gaskiya ƙarara irin haka ba, kuma ba a taɓa yin likitan da ya toshe kunne irin wannan ba.

Na kira ofishinsu na birni da kaina. Wata murya mai daɗi ta ce an karɓi kokena, ta ba ni lamba mai tsawo in riƙe. Bayan kwana huɗu suka aiko saƙo suna tambaya ko na gwada kashe na'urar in sake kunnawa. Na amsa musu da hoton jan akwatin. Bayan kwana shida suka rubuto cewa injiniyansu da ke wurin ya tabbatar matsalar tsufan na'ura ce, don haka sun rufe koken, kuma suna godiya da haƙurina.

Ranar da wa'adi zai cika, Kabir ya zo da dabara. Ya nuna mana wani ɗan gurbi a manhajar wanda in aka danna, za ta tsallake duk sunan da ya ƙi wucewa ta aika sauran. Ya ce, "A tura waɗanda suka samu. Ragowar ma cike su daga baya, magana ce ta waya ɗaya." Alhaji ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ragowar nan gida ɗari huɗu ne da goma sha biyu, kuma duk jama'a ɗaya ce." Ya ce gara a rasa wasu da a rasa duka. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, don haka bari in faɗi nawa: yatsana ne ya danna gurbin. Ba na Kabir ba, ba na Alhaji ba. Gwaggo ta yi "ƙur, ƙur" ta daɗe kafin ta aika, fiye da yadda ta saba. Ban ce ta san abin da ake yi ba. Na dai faɗi abin da na ji.

Bayan kwana biyar hukumar ta dawo mana da jerin waɗanda za su amfana, aka manna a bangon ofis. Kashegari da safe mutanen Zoza suka zo, sun kai talatin, wasu a babur wasu a ƙasa. Ba su yi hayaniya ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, suka sake bi. Sannan Sulle Jibo ya shigo, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali da gajiya da zafi, babu abin da ya bari. Na ba shi kujera ya ƙi zama.

Ya ce, "Ɗana, na duba ban ga sunana ba. Na ce ko idona ne. Sai na ga babu na ƙanena, babu na maƙwabcina, babu na kowa a rugarmu. Amma na ga na Hausawan da muke iyakar gona da su, duka."

Na ce, "Baffa, wallahi ba da gangan ba ne. Na'ura ce ta ƙi karɓa."

Ya dubi Gwaggo, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Wannan ɗin? Shekara goma sha ɗaya ta san ni. Bana ne ta gane ni Bafulatani ne?"

Ya juyo gare ni. Ya ce, "Lokacin da muka kafa ƙungiyar nan, mutane sun ce mini kada in shiga, wai ranar rabo za a tuna ni baƙo ne. Na ce musu ƙarya ne. Yanzu me zan koma in ce musu?" Ya ɗauki sandarsa, ya yi mini sallama yadda ya kamata, ya fita.

A makon nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na fara aiki. An ce ni na cire sunayen. An ce an yi taro a ɓoye an yanke a ware Fulani. Wani da muka yi makarantar allo tare ya gan ni a kasuwa ya juya fuska. Mutanen da suka shekara da shekaru suna sasanta ɓarnar gona a ƙarƙashin bishiyar ofishinmu, ba tare da an je gaban alƙali ba, suka daina zuwa. Wannan ne abin da kamfanin ya taɓa, ba kwamfuta kaɗai ba, kuma har yau ban ga alamar sun sani ba.

Alhaji Ɗanmaliki ya tsorata, ya matsa wa kamfanin, suka sake turo Kabir ranar Talatar nan. Ya zo a gaggauce, yana cewa yana da wani aiki a birni kafin la'asar. Hadari ya rufe rana tun safe, batirin sola bai cika ba, sai aka tada janareta. Ya ce sitabilaiza ɗin ne ke hana Gwaggo samun isasshiyar wuta, shi ya sa take cijewa. Na nuna masa rubutun jan biro a bango. Ya ce, "Malam, ka bari mu gama yau." Na fita in kira Alhaji ya hana shi. Ban kai bakin bishiya ba na ji janareta ya yi wani irin haushi, sannan daga cikin ofis na ji "fat". Ba da ƙarfi ba, kamar an fasa ƙwai.

Da na shigo, wani siririn hayaƙi na fita ta bayanta, ɗakin na warin ƙonanniyar roba. Fankarta na juyawa da sauran ƙarfinta, tana rage gudu, har ta tsaya. Na danna maɓalli. Na sake dannawa. Ba ta ce "ƙit" ba.

Kabir ya tsaya da wayar wutar a hannunsa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ka gani ko? Dama na ce ta gaji." Na gode wa Allah da ya riƙe mini hannu a wannan lokaci, domin akwai kujerar ƙarfe kusa da ni.

Bayan kwana uku kamfanin ya aiko sabuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, baƙa, siririya, ko nishi ba ta yi. Kabir ya kawo ta da kansa, ya sa manhajar, ya zuba sunaye daga filashina, ya gyara zama, ya ce wa Alhaji yanzu zai ga bambanci. Ya danna aikawa. Sunaye suka wuce kamar walƙiya, kafin ka ƙifta ido an kai talatin da bakwai. A na talatin da takwas ta tsaya. Jan akwati ya fito, layi biyu, magana ɗaya, a kan Sulle Jibo.

Alhaji ya cire hularsa ya riƙe. Kabir ya ce zai fita ya kira ofis. Muka ji tashin motarsa. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba.

Wadda ta gano ciwon ba daga birni ta zo ba. Malama Ikilima ce, 'yar kwamitinmu, uwar 'ya'ya biyar, wadda ta shekara ashirin tana koyar da lissafi da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Tun farko ta so ta duba, aka ce kamfani bai yarda kowa ya taɓa ba. Ranar Asabar da safe ta zo, ta zauna, ta sa tabarau, ta yi abin da ba wanda ya yi cikin wata biyu: ta karanta jan akwatin a hankali har ƙarshe. Ta ce, "Malam Abdulmutalib, ai ta gama faɗa muku. Irin wannan manhaja tana da wani ɗan fayil da ke gaya mata kowane rukuni inda za a ajiye shi, kamar mai nuna wa baƙi masauki. Wanda ba a rubuta masa masauki ba, a ƙofa zai tsaya. Ina tsohon tsarin Gwaggo?"

Na ba ta filashin. Ta buɗe tsohon tsarin a gefe ɗaya, fayil ɗin kamfanin a ɗaya gefen. Ko ni da ba injiniya ba na gani. A na Gwaggo rukuni uku ne. A na kamfanin layi biyu ne, manomi da makiyayi. Ta bincika littafin manhajar, sai ga shi ma'ajiyar rukuni na uku tana nan a babbar na'urarsu, an gina ta, an sa mata suna, tana zaune fayau. Wani ne a wani ofis mai sanyi ya manta ya rubuta layi ɗaya da zai haɗa su. Malama ta kwaikwayi layi na biyu, ta canja sunaye biyu a ciki, ta adana. Ruwan shayin da na ɗora bai tafasa ba ta gama. Muka danna aikawa. Sulle Jibo ya wuce. Sauran ɗari huɗu da goma sha ɗaya suka bi bayansa, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Malama ta cire tabarau ta ce, "Layi ɗaya."

Ihu ne bayan hari. Hukumar ta amsa cewa ta ga sunayen, ta yi juyayi, amma an rufe rabon bana, iri ya riga ya fita daga sito, kuma masu allura sun tsara zagayensu da jerin farko. Ruwan shuka ya sauka. Mutanen Zoza suka shuka tsohon irin da suka ajiye, wanda ya samu. Motar masu allura ta bi ta gefen rugagensu ba ta tsaya ba, domin a takardarsu babu saniya ko ɗaya a wurin. A lokacin da nake rubuta wannan sanarwa, tari ya shiga garke huɗu a can. Baffa Sulle ya rasa karsana biyu da wata saniya mai ciki wadda ya gada daga garken mahaifinsa. Ba shi ya faɗa mini ba, a bakin wasu na ji.

Kamfanin kuwa ya aiko wasiƙa. Sun ce sun yi farin cikin sanar da mu cewa ƙwararrunsu sun gano wata 'yar matsala ta haɗa rukuni, kuma za a gyara ta a sabon zubi mai zuwa. Ba sunan Malama Ikilima a ciki. Ba sunan Zoza. Ba kalmar haƙuri ko ɗaya, sai dai sun ja kunnenmu kada mu sake taɓa fayil ɗinsu ba da izini ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai tabo a kusurwar hagu, lafiyarsa ƙalau, yana zaune yana kallon bango. Ta bar madannai waɗanda harafin A ya goge a kansu saboda yawan Abdullahi da Amina da Audu a ƙasar nan. Ta bar firinta, abokiyar zamanta, mai yawan ƙorafi da cin takarda, wadda ta ƙi jituwa da sabuwar har yau. Ta bar sitabilaiza, wanda aka raba ta da shi minti biyu kafin ajalinta, kuma shi ba shi da laifin kome. Ta bar zanen atamfa da maiɗakina Rabi'atu ta ba ni don in riƙa lulluɓe ta in an tashi aiki. Ta bar filashi mai ɗauke da duk abin da ta sani. Ta kuma bar ni, wanda ya ji gaskiya daga bakinta tun ranar farko, ya kasa tsaya mata.

Game da jana'iza, ga abin da kwamiti ya tsayar. Ba za a yi mata salla ba, mun san iyakarmu. Ba kuma za a ba 'yan gwangwan ita ba, don haka masu zagayowa da kura suna tambaya su huta. Ranar Alhamis bayan azahar za a goge ta, a mayar mata da sukurorin da aka kwance aka bari a warwatse, a naɗe ta, a ɗora ta a saman kantar ɗakin ajiya inda ruwa ba ya zuba. Malama Ikilima ce za ta ɗora ta. Ba a gayyaci kowa daga kamfanin ba, kuma wanda ya zo ba za a ba shi tabarma ba.

Zaman makoki kuwa ba za a yi shi a Karaye ba. Masu niyyar zuwa yi mini ta'aziyya, na gode, Allah ya ba da lada, amma ku riƙe ta, akwai waɗanda suka fi ni rashi. Ranar Asabar da sassafe ni da Alhaji Ɗanmaliki da dukan 'yan kwamiti za mu tashi zuwa Zoza, tare da likitan dabbobin da ya yarda ya bi mu. Za mu sauka daga mota a bakin gari mu ƙarasa da ƙafa. Za mu fara da ƙofar Baffa Sulle, mu yi sallama, mu tsaya a waje. In ya ce mu shigo, mu shiga. In bai ce ba, za mu jira.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya kuma ba mutanen Zoza haƙurin zama da mu.

Sanarwa daga Abdulmutalib Mu'az, magatakarda, a madadin kansa.